Tara kayan Yaƙin Basasa na jiharku: ka fara da adakar gida kafin kasuwa

Wani matashi daga Aboabo, a nan Kumasi, ya rubuto mini. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Baba, asalinmu Katsinawa ne, amma ni da mahaifina duk a nan aka haife mu. Da muka buɗe adakar marigayi kakana, mun tarar da minda guda, da hoton ƙaninsa cikin kaki, da wasiƙa biyu. An ce ƙanin nan ya koma gida ya shiga soja lokacin yaƙin Biyafara, bai dawo ba. Tun daga ranar nake son in tara kayan yaƙin nan waɗanda suka shafi Jihar Katsina kaɗai. Wani mai sayar da tsofaffin kaya ya nuna mini hular kwano da baje da kuɗin Biyafara, ya ce duk na wani sojan Katsina ne. Yaya zan gane na gaske, kuma daga ina zan fara?"

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Na haura shekara talatin ina bin irin waɗannan kaya, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka ba mai hular nan ko sidi ɗaya tukuna. Ban ce maƙaryaci ne ba. Mai yiwuwa shi ma haka aka faɗa masa. Amma maganar da ya yi maka ba ta da inda za ta tsaya, kuma idan ka fahimci dalili, ka fahimci rabin wannan harka.

Lokacin da aka yi yaƙin nan, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, babu wata jiha mai suna Katsina. A ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, aka haɗa lardin Katsina da lardin Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, hedkwata a Kaduna, gwamnanta Abba Kyari. Kwana uku bayan haka, ranar 30 ga Mayu, Ojukwu ya ayyana Biyafara. A 1976, zamanin Murtala, aka mayar da sunan jihar Kaduna. Katsina ba ta samu jiharta ba sai 23 ga Satumba 1987, zamanin Babangida, shekara goma sha bakwai da ajiye makamai. Saboda haka duk takarda ko hatimin da ya ce "Jihar Katsina" kuma aka ce maka na 1968 ne, ka mayar wa mai shi abinsa. Abin da za ka gani a takardun wancan zamani shi ne sunan lardi, ko na En'e, ko na gunduma: Daura, Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma, Kankiya, Mani, Musawa. Haka Bajigawe zai nemi nasa a ƙarƙashin Kano, Bazamfare a ƙarƙashin Arewa maso Yamma, tunda Jigawa ta 1991 ce, Zamfara kuwa ta 1996.

Sai abu na biyu, wanda ya fi wannan nauyi. Wannan salo na tara kayan yaƙi jiha-jiha, a Amurka ya yi ƙarfi, kuma can yana da tushe. A yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 jihohi ne suke tara mayaƙa, runduna tana ɗauke da sunan jiharta, kamar runduna ta 20 ta Maine ko ta 54 ta Massachusetts, kuma sau da yawa har maɓallin riga da kan ɗamara suna ɗauke da tambarin jiha. Mutum zai ɗauki maɓalli ɗaya ya ce wannan na Virginia ne, kuma ya yi gaskiya. Sojan Nijeriya ba haka aka gina shi ba. Na tarayya ne. Bajen da ke goshin hular Bakatsine shi ne a goshin Batibi da Bayarabe da ɗan Angas: mikiya a sama, tauraro mai tsini shida, da rubutun nan na Larabci, Nasrun minallah. Rundunoni uku ne manya suka yi yaƙin. Ta ɗaya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ta gangaro daga arewa ta kama Inugu a Oktoba 1967. Ta biyu, ƙarƙashin Murtala Muhammad, ta bi ta Binin da Asaba zuwa Anaca. Ta uku, ta Benjamin Adekunle, wadda Obasanjo ya karɓa a Mayu 1969, ta shigo ta bakin teku. A kowacce akwai Katsinawa, kuma babu wadda take ta Katsina. Hular kwano ba ta san garin mai ita ba. Ƙari a kan haka, bajen nan har gobe shi ake sawa, don haka shi kaɗai ba ya nuna shekara, balle gari.

To me ke ɗaure kaya da Katsina? Mutum. Sunan soja, lambarsa, bataliyarsa, garin da ya fito, da takardar da ta haɗa waɗannan wuri guda. Kwanon cin abincin soja wanda aka san na Kofur wane ne ɗan Mani, da hotonsa da takardar sallamarsa, ya fi hular kwano goma marasa asali. Don haka abin da ke cikin adakar kakanka ya fi duk abin da ke shagon mutumin nan daraja, kuma a kansa nake so mu daɗe.

Fara da wasiƙun, kuma kafin ka karanta abin da ke ciki, duba ambulan idan yana nan. Kan sarki, hatimin gidan waya da kwanan watan da ke jikinsa, da adireshin da mai aikowa ya rubuta a baya ko a saman takarda. Soja kan fara adireshinsa da lambarsa, sannan muƙami, sannan suna, sannan bataliya ko birged. Lambar nan ita ce mabuɗin komai. Suna yana rikiɗa, musamman a wancan lokaci da yaro zai je wurin ɗaukar soja ya ba da sunan garinsu a matsayin sunan uba, ko magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Lamba ba ta rikiɗa. Idan da ajami aka rubuta wasiƙar, kada ka dogara da karatunka kai kaɗai. Kai ta wurin tsohon malami a Zango wanda ya saba da rubutun mutanen da, ku karanta tare, ka rubuta da boko a wata takarda dabam. Ka lura da sunayen da ya gaisar da waɗanda ya ce sun gaishe ku. Sau da yawa a cikin gaisuwar nan ake samun abokin da suka shiga soja tare, kuma iyalin abokin nan suna iya riƙe da rabin labarin da ku ba ku da shi.

Hoton kuma ka juya bayansa. Masu hoto na wancan zamani suna buga hatiminsu da sunan gari. Idan ka ga Zariya, mai yiwuwa lokacin horo ne, domin can babbar makarantar horar da kurata take. Idan ka ga Inugu ko Fatakwal ko Binin, ka san ya isa fagen daga, kuma garin zai nuna maka wace runduna ce. Ka duba hannun riga da gilashin ƙara girma: igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. Ka duba kafaɗa ko akwai tambarin runduna. Na runduna ta uku ba ya ɓata, wata halittar teku ce mai hannaye takwas.

Mindar ita ce ta tsaya mini a rai tun da na karanta saƙonka. Ka ce bai dawo ba. To wa ya kawo mindar Kumasi? Amsar ɗaya ce daga cikin uku, kuma kowacce tana kai ka wata hanya dabam. Ta farko, mindar ba tasa ba ce ko kaɗan. Yawancin mindodin da nake gani a adakokin Zango na yaƙin duniya na biyu ne, na mazan jiya da suka je Bama da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Mindar Bama tauraro ce ta tagulla mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Idan tare da ita ka ga baje mai bishiyar kwakwa, wannan na rundunar Turawan mulki ne wadda sojan Gwalkwas, wato Gana ta da, da na Nijeriya duk suka yi wa aiki, ya girmi yaƙin Biyafara da shekara ashirin ko fiye. Haka duk abin da ke da kambin sarautar Ingila a kai ya riga 1963, shekarar da Nijeriya ta zama jamhuriya. Akwai kuma mindar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Kwango, 1960 zuwa 1964, wadda sojan Gana da na Nijeriya duk suka samu. Ta biyu, tasa ce, ya rasu, wani ya kawo wa yayansa. Idan haka ne akwai wanda ya yi tafiyar nan, kuma tsofaffin gidanku za su tuna baƙon. Ta uku ita ce wadda nake so ka riƙe da kyau: mindodin yaƙin nan, irin su Defence Service Medal da National Service Medal, shekarun da suke wakilta sun kai har 1970, wato bayan an gama aka raba su. Idan ɗaya daga cikinsu ce a hannunka, to akwai yiwuwar mutumin nan ya ga ƙarshen yaƙi da ransa.

Ka tuna abin da ya faru a nan. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana. Ni ina yaro a lokacin, na ga manyan motoci cike da mutane da tabarmi da tukwane, na ga gidajen da aka sayar a kan kuɗin mota. Wata biyu bayan haka yaƙi ya ƙare. Sojan da ya so ya dawo Kumasi a 1970, ina zai dawo? Adireshin da yake aiko da wasiƙa mai yiwuwa mai karɓar ta ya tashi. Ga shi kuma sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin dubu goma kafin yaƙi zuwa kimanin dubu ɗari biyu da hamsin a ƙarshensa, ba a sallame su rana ɗaya ba, da yawa sun ci gaba da zama a bariki shekaru, suka yi aure, suka hayayyafa a Kaduna da Jos da Ibadan. A gidajenmu na Zango "bai dawo ba" tana nufin abu biyu, kuma na san gidan da suka yi wa mutum sadakar arba'in, bayan shekaru masu yawa aka gano jikokinsa. Ban ce maka haka naku yake ba. Na ce kada ka rufe ƙofar kafin ka duba.

Saboda haka aikinka na wannan mako ba a kasuwa yake ba. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1968, yau ya doshi tamanin. Ƙannensa mata da matan yayyensa su ne suka rage, kuma su ne ba a tambaya. Je ka wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, ka kai mata goro, ka nemi izini ka kunna rikoda a wayarka, ka miƙa mata hoton, ka yi shiru. Kada ka tambaye ta shekara, ba da shekara take lissafi ba. Tambaye ta wa take goyo lokacin da ya tafi, kafin korar baƙi ne ko bayanta, da azumi ne ko da damina, wa ya raka shi tasha, wa ke karanta wa kakanka wasiƙa idan ta zo. Daga waɗannan kai za ka fitar da shekara. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan zumar kullum raguwa take. Ni na yi sakaci da wani tsohon samanja da muke sallah tare a Asawase, kullum ina cewa sai na samu lokaci mu zauna. Na samu mindodinsa bayan rasuwarsa, amma babu wanda zai gaya mini inda ya same su. Har yau abin yana damuna.

Idan ka samu lamba da bataliya, sai a waiwayi gida. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion tana da rassa a jihohi, kuma tsofaffin da ke zama a ofishinta sun san junansu da bataliya. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai kuma Arewa House, inda za ka nemi tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian na 1967 zuwa 1970. Gaskiya ta fi amfani gare ka, domin da Hausa take, kuma ita ce take kawo labarin garuruwa. A Katsina akwai gidan tarihi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. Manyan Katsinawan yaƙin ba su da wuyar bibiya: Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, wanda ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa a 1968, da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, waɗanda suke ƙananan hafsoshi a fagen daga. An rubuta tarihinsu. Wanda ba a rubuta ba shi ne na farabiti da kofur, kuma nan ne mai tara kaya irinka yake da abin yi. Idan Allah ya ba ka iko wata rana, ka je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, ka ga nakiyar nan ogbunigwe da motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu.

A nan kusa kuma, ka shiga gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Turawa a Adum. Kayan yaƙin Nijeriya ba su ne a can ba, amma idonka zai koyi yadda tsohuwar tagulla take, yadda kaki ke koɗewa, yadda ƙyallen minda ke tsufa. Ka je sau uku ko huɗu, ka tsaya a gaban akwati ɗaya minti goma. Kuma kada ka manta Gana tana da nata kaso a labarin. A Aburi aka zauna ranar 4 da 5 ga Janairu 1967, Janar Ankrah, shugaban Gana na lokacin, ya haɗa Gowon da Ojukwu, aka yi yarjejeniyar da kowane ɓangare ya koma gida ya fassara yadda ya ga dama. Jaridar Daily Graphic ta waɗannan kwanaki abu ne da kai a Kumasi ka fi mutumin Katsina damar samu, kuma da ita za ka iya musaya da masu tarawa na can.

Yanzu kayan mai shago. Kuɗin Biyafara su ne suka fi sauƙin magana. A Janairu 1968 gwamnatin tarayya ta canza takardun kuɗinta don ta kashe waɗanda ke hannun Biyafara, sai Biyafara ta fito da nata a ƙarshen watan, sule biyar da fam ɗaya. A 1969 aka sake bugawa: sule biyar, sule goma, fam ɗaya, fam biyar, fam goma, da bishiyar kwakwa da rana mai fitowa. Akwai kuma tsabar alminiyam, mai taro, da mai sule ɗaya, da mai sule biyu da rabi. Ka duba lambar da ake bugawa a kan kowace takarda. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo ba su da ita, domin bugu ne da bai isa hannun jama'a ba, aka zubo shi kasuwa bayan yaƙi. Ba jabu ba ne, amma bai taɓa shiga aljihun kowa ba, kuma bai kai mai lamba daraja ba. Fam ɗaya na bugu na biyu shi ya fi yawa, yana da araha ƙwarai, kada wani ya sa maka shi a matsayin abin da ba a samu. Ka saya ɗaya ko biyu don misali idan farashin ya yi maka. Sai dai ba zai zama na Katsina ba sai idan ka same shi a gidan sojan da ya dawo da shi a aljihu, aka rubuta ranar da wanda ya ba ka.

Bajen Biyafara, rabin rana mai haskoki goma sha ɗaya, nan ne na fi ganin ana cutar mutane, domin yanzu ana ɗinka sababbi da yawa. Ni ma an taɓa sayar mini da guda, da labari mai daɗi na sojan da ya cire shi a Owerri. Da na zo gida na zare silin zare ɗaya daga baya na kusantar da shi ga ashana, sai ya narke ya dunƙule kamar leda. Auduga toka take zama. Na yi asarar kuɗin, amma tun ranar ban ƙara sayen labari ba tare da takarda ba. Wasu za su ce maka ka haska fitilar nan mai shuɗin haske, wai sabon zare yana ƙyalli tsoho ba ya yi. Wannan gwaji yana aiki a kayan yaƙin duniya, amma zuwa 1967 an riga an fara sa sinadarin ƙara fari a yadi da sabulu, don haka ƙyalli ba ya yanke hukunci. Ka fi dogara da ramukan allura na tsohon ɗinki, da yadda gaba ya koɗe baya bai koɗe ba. Datti da aka shafa jiya ko'ina ɗaya yake; tsufa na gaske yana bin inda rana da gumi suka taɓa.

Minda ta ainihi buga ta ake yi da inji, rubutunta yana da kaifi, bayanta sumul. Ta jabu zuba ta ake yi, kuma kai ɗan Kumasi ka san yadda zubin tagulla da kakin zuma yake: za ka ga ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, haruffa sun yi laushi, wani lokaci da layin haɗi a gefe ko alamar zarto. Kai ta wurin maƙerin zinariya ya auna maka a sikelinsa, ka gwada da wata da ka tabbatar. Mindodin Ingila na yaƙin duniya na farko suna da lamba da suna a gefensu. Na Nijeriya da suka ratsa hannuna ba suna a jikinsu, shi ya sa ba sa magana sai da takarda. Idan ka ga an zana suna da hannu a kan wata, ka ƙara bincike maimakon ka ƙara kuɗi.

Hular kwano kuwa, irinta ta yi yawa a duniya, ƙasashe da dama sun yi amfani da iri ɗaya. Bar ta.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne makami. Bindiga, harsashi mai rai, gurneti, kan igwa, ko an ce maka ya mutu, kada ya shigo gidanka. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne a Gana da Nijeriya, tsufanta ba ya wanke ka. Abin fashewa kuma tsufa ba ya kashe shi, ƙara masa saurin fushi yake. Har yanzu ana tono waɗanda ba su fashe ba a gonakin gabashin Nijeriya. Idan ɗan gwangwan a Akwatia Line ya nuna maka irin wannan, ka gaya masa ya daina taɓawa, a sanar da 'yan sanda. Kaki ma ajiye shi ake yi, ba a sawa, domin doka ta hana farar hula shigar soja. Kuma ka yi hattara da ɗaukar tambarin Biyafara a jaka kana ƙetare iyaka. Tun 2017 da aka haramta ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa Biyafara, jami'in da ya buɗe jakarka a Seme ba zai tsaya sauraron darasin tarihi ba. Duk abin da za ka fito da shi daga Nijeriya, ka fara tuntuɓar hukumar gidajen tarihi ta ƙasar, ka riƙe rasit.

Adana kaya a Kumasi jarrabawa ce, saboda laima. Abin da zai shekara hamsin lafiya a Katsina, a nan damina biyu ta isa ta cinye shi da fumfuna da tsatsa, ga gara ga kyankyasai. Babban roƙona gare ka: kada ka kai wasiƙun nan a liƙe su cikin leda da inji mai zafi, yadda muke yi wa takardun makaranta. Zafi da gam suna shiga takarda, tawada tana bajewa, kuma ba a warwarewa har abada. Kada ka sa salatif, kada ka sa fil ko ƙusar maƙala takardu. Ka buɗe kowace wasiƙa a hankali, ka shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu masu tsabta, ka sa a fayil, ka ajiye a saman kabad nesa da bango da ƙasa. Ledar nan mai taushi mai wari ita ma tana cin tagulla da hoto. Ambulan na takarda ya fi ta. Ka tara ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi da magani, ka zuba a akwatin, ka riƙa shanya su. Kada ka goge minda da Brasso, kada ka wanke ƙyallenta, kada ka canza shi da sabo. Duhun da ke jikinta shaidar shekarunta ne. Idan hoto ya manne da gilashi, bar shi a manne, ka ɗauki hotonsa haka. Duk rubutun da za ka yi a bayan hoto, da fensir mai taushi. Kuma ka ɗauki hoton komai gaba da baya da waya, a hasken rana cikin inuwa, ka aika wa 'yan'uwa biyu ko uku, domin gobara da ambaliya ba sa sallama.

Ka sayi littafi mai kauri, kowane abu ka ba shi lamba da shafi: mene ne, daga hannun wa, ranar da ka samu, nawa ka biya, wa ya faɗi labarinsa, da abin da ka tabbatar da abin da aka ce kawai. Ka raba waɗannan biyun da layi. Wannan littafi shi ne zai sa tarinka ya zama na Katsina, ba tarin ƙarafa ba.

Akwai kuma ladabin neman kaya. Za ka tarar da tsoho mai jiran fansho, ko gwauruwar soja, waɗanda za su miƙa maka minda a kan kuɗin cefane. Ni ba na karɓa a irin wannan hali. Ina ɗaukar hoto, in rubuta labari, in yi musu abin da ya sauƙaƙa na alheri, in bar musu abinsu, sai idan iyali gaba ɗaya sun yarda cewa a hannuna zai fi tsira. Kuma idan ka karɓa, kada ka raba kayan mutum ɗaya, minda nan hoto can. Tare suke da ma'ana.

Ina kuma so ka san nauyin abin da kake tarawa. Kafin yaƙin an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa irin su Maimalari ranar 15 ga Janairu 1966. A shekarar aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa. A Asaba, cikin Oktoba 1967, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula. Yunwa ta kashe yara ba adadi a yankin da aka killace, kuma ƙiyasin da aka fi bayarwa na mamatan yaƙin ya kai miliyan guda ko fiye. Bayan an gama, wanda ya ajiye kuɗin Biyafara a banki fam ashirin aka ba shi, komai yawan abin da ya ajiye. Muna da maƙwabta Ibo a Kejetia da Adum waɗanda iyayensu suka rayu cikin wannan. Fam ɗin Biyafara da ke hannunka, wata uwa ta taɓa riƙe irinsa tana neman garin rogo. Shi ya sa a littafina nake rubuta abin da ya faru a garin da kaya ya fito, ko da bai yi wa ɓangarenmu daɗi ba, kuma ba na baje kayan nan don alfahari a gaban kowa.

Ka ɗauki hoton mindar gaba da baya tare da ƙyallenta, da bayan hoton, da ambulan ɗin biyu, ka aiko mini. Idan babu ambulan, ka ɗauki saman shafin farko na kowace wasiƙa inda ake rubuta adireshi. Ka fara zama da tsohuwar kafin ka aiko, domin abin da za ta faɗa zai nuna mana ko Kaduna za mu fara rubutawa ko Katsina.